Ɗaki Na Uku A Gidan Kwali

Jama'a, kafin ku fara yi min faɗa a ƙasan rubutun nan, ku bari na kai ƙarshe tukuna. Na san wasu za su ce ni na jawo, wasu su ce Baba ne. Ni dai har yanzu ban san wa zan ɗora wa ba.

Sunana Sakinatu. Ƙauyenmu yana can ɓangaren Shanono, sunansa kuma ba zan faɗa ba, in kun karanta za ku ga dalili. Ina ajin ƙarshe a kwalejin horar da malamai, sashen zane da ƙere-ƙere, wanda Gwaggo Kaltume, ƙanwar Babanmu, take kira karatun yanke-yanke. Da za a sallame mu hutun damina, lakcararmu ta ba mu aiki: kowa ya ƙera ginin da ya fi sani, da takarda da kwali zalla, ban da itace, ban da laka, ban da roba. Ta ce rabin makin darasin yana kansa. 'Yan ajinmu suka hau rige-rigen manyan masallatai da gadojin birni. Ni kuwa na ce gidanmu zan yi, don ko an ɗaure min ido na san inda kowane turmi yake zama.

Gidan kakanmu ne, katanga ɗaya ta zagaye sassa da yawa, Baba ne babba a ciki. Na samo kwalayen taliya a wurin mai shago, na yanka faffaɗan guda na yi ƙasa da shi. Bangon laka kuwa takardar buhun siminti na cukuikuye, na warware, na manna, sai ga ta da ƙurji-ƙurji irin na yaɓe. Rufin kwano ya fi ba ni daɗi: in ka jiƙa bayan kwali kaɗan ka ɓare fatar sama a hankali, layukan nan na ciki za su fito, kwano sak. Azara da indararo nannaɗe takarda nake yi a jikin tsinken tsintsiya, na zare tsinken. Gam ya yi tsadar da ba a magana, don haka sitacin rogo nake damawa, kyankyasan ɗakinmu suka samu gara. Kullum da safe sai na tarar sun ci min kusurwar rumbu, na zauna ina zaginsu ina gyarawa.

Inna takan leƙo ta ce, "Wai ke Sakinatu, yaushe za ki girma? Sa'anninki na goyon 'ya'ya, ke kina ginin 'yar tsana."

"Inna, maki ne fa."

"To Allah Ya sa makin ya iya tuƙa tuwo."

Amma ranar da na gama rijiya da gugarta, ita ta fi kowa daɗewa tana kallo. Har cewa ta yi na matsar da randar, ba a nan take ba.

Cikin gida bai ba ni wahala ba. Wajen ne ya gagare ni. Budurwa kamata ba za ta fita tana zagaya katanga tana ƙirga taku ba, balle ta hau bishiya, kafin la'asar an kai labari har ƙauyen gaba. Ga kyamarar wayata ta mutu tun da ta faɗa bokitin wanki. A nan Uwaisu ya shigo.

Bari na gaya muku wane ne Uwaisu. Mutumin Makoɗa ne, an turo shi koyarwa firamaren garinmu, yana zaune a wani ɗan shago kusa da masallaci. Dogo ne siriri, kaftaninsa ruwan toka kullum a goge, ko da gawayi ne. Yakan zo wurina ranar Alhamis bayan la'asar, mu zauna a zaure, shi a kan tabarma, ni a bakin ƙofa da hijabina mai ruwan zuma wanda ya taɓa cewa yana min kyau, na ƙi wanke shi har Inna ta yi magana. Baba ya san da shi. An tsaya a kan manyansa za su zo bayan an yi girbi. Bai fiye surutu ba, sai tsokana. Tun ranar da na ba shi labarin aikin nan ya daina kirana da sunana, ya koma Injiniya, har a wayarsa haka ya rubuta.

Ga irin saƙonnin da muke yi, ku duba da kyau:

"Malam, auno min katangar bayan garke, daga lungu zuwa ƙofar baya."

"An gama, Injiniya. Sai da ƙarangiya ta cika min wando saboda ke."

"Sannu da ƙoƙari. Saura ɗaya. Hau darbejiyar nan ka ɗauko min gidan ta sama, ina son na ga yadda ɗakunan suke da hanyar fita."

"Malamin makaranta guda a kan bishiya? Ɗalibaina fa?"

"Ka bari sai rana ta take, kowa yana gona. Amma don Allah kada wani ya gan ka."

Kunya ce ta sa na rubuta wannan na ƙarshen, wallahi kunya ce kawai. Ba na son a ce 'yar Malam Basiru ta mayar da saurayinta biri. Ya hau, ya ɗauka, ya turo. Ya yi ta roƙo na nuna masa gidan kwalin, na ce a'a, sai ya kammala. Don haka bai taɓa ganinsa ba.

Akwai wani dalilin kuma da ban gaya masa ba. Kun san shekarun nan yadda suke. Kwanon gero ya zama abin da ake tambayar kuɗinsa a juya baya. Ga ɓarayin daji da suka fara tsallakowa, in sun shiga gari rumbu suke fara fasawa. Bara da aka yi girbi, Baba bai zuba komai a rumbu ba sai ɗan abin da ido zai gani. Akwai wani ƙaramin ɗaki a jerinmu, tsakanin ɗakin Inna da katanga. Ya loda buhunan gero da dawa a ciki, ya toshe ƙofar da tubali, ya yaɓe, ya shafa farar ƙasa, ya bar 'yar kafa ta bayan sif ɗin Inna. Wanda ya shigo yanzu ɗaki biyu zai gani a jerin. Daga nan muke ɗiba kaɗan-kaɗan. 'Yan uwa sun zo neman taimako, Baba ya ce babu. An yi karo-karon hatsi don ciyar da 'yan sintirin gari, ya miƙe a gaban masallaci ya ce shi ma saye yake yi. Ba mugu ba ne Babana, na rantse muku. Bakunan da ke kansa suna da yawa, tsoro kuma ya yi masa yawa.

Ni kuma da na zo jerin namu, hannuna ya ƙi yin ƙarya. Na gwada ɗaki biyu, awon ya ƙi fita, katanga ta bar rami. Sai na gina na ukun. Tunda na gina shi kuma, ai ba a bar ɗaki haka ba: na nannaɗe 'yan buhuna kamar ƙwayar gyaɗa, na ɗaure bakinsu da zaren takarda, na jera. Rufin na yi shi mai ɗaguwa, don lakcara ta ga ciki. A raina na ce wa zai gani a nan? Makaranta zan kai shi, can ba wanda ya san Baba.

Ana cikin haka aka shiga ƙauyen da ke gaba da mu kaɗan. An kore shanu, an tafi da mata, an kashe mutum biyu da suka fito. Abin da ya fi tayar wa mutane hankali shi ne ba su yi dube-dube ba, kai tsaye suka nufi gidajen da suke so, har ƙofofin baya sun sani. Kowa ya ce da ɗan gari a ciki, akwai infoma. Garinmu ya koma kallon-kallo. Mai shayi ya daina hira, ko a rijiya mata ƙasa-ƙasa suke magana.

Ranar Talata da hantsi ina zaune ina yanka kwalin da zan yi ƙyauren zaure da shi, sai ga Gwaggo Kaltume ta faɗo gida ko sallamar kirki babu, mayafi a hannu.

"Hure! Hure, kina ina? An kama shi!"

Inna take kira da sunanta. Inna ta fito daga ɗakin girki. "An kama wa?"

"Infoman mana! Ashe malamin nan ne, na wajen Sakinatu. Wani ya tuna ya gan shi a kan darbejiyar bayanku yana ɗaukar hoto, wani ya ce ya gan shi yana auna katanga da ƙafa. 'Yan sintiri suka karɓi wayarsa, sai ga hoton gidan nan ta sama, ɗaki-ɗaki! Ga saƙon ubangidansa, wai shi Injiniya, yana ce masa kada kowa ya gan shi. Yana can zauren mai gari a ɗaure. An yi an yi ya faɗi wane ne Injiniya, ya ce shi bai da abin cewa."

Rezar hannuna ta shige ɗan yatsana, ban ji ba sai da na ga jini a kan kwali. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Allah Ya tsare ki, 'yar nan, da kin auri ajalinmu." Ta juya ta fita neman ƙarin labari.

Baba yana shigowa daga gona, fartanya a kafaɗa, na zube a gabansa.

"Baba, ni ce. Ni ce Injiniyar. Ni na sa shi."

Na gaya masa komai ina kuka. Bai katse ni ba. Ina cikin magana wayata ta hau ruri a kan tabarma, sunan Uwaisu a jiki. Na kai hannu, Baba ya riga ni. Ya kashe ta, ya zare layin, ya jefa a aljihun gaban rigarsa.

"Ba shi ba ne yake kira," ya ce. "Su ne. Ɗauko min abin."

Na sauko da gidan daga kan sif. Tunda na fara aikin nan Baba bai taɓa yi masa duban kirki ba, a wurinsa wasan yara ne. Ranar ya tsuguna. Ya bi katanga da yatsa, ya taɓa turken akuya, ya taɓa rumbu. Na ga bakinsa ya ɗan motsa kamar zai yi murmushi da ya ga buzunsa na salla a zaure. Sai idonsa ya kai jerinmu. Ya sa farce ya ɗaga rufin.

Ya ƙura wa ɗaki na ukun ido.

"Hure, zo ki ga abin da 'yarki ta yi mana."

Inna ta leƙa, ta dafe ƙirji. "Innalillahi. Har da buhunan?"

"Baba, zan cire su yanzu. Wallahi yanzu zan cire."

"Ɗakin fa? Wa ye a garin nan bai san ɗaki biyu ne a jerin nan ba?"

"Zan manne rufin, ba mai ɗagawa."

"Mutanen da suka ɗaure malami a kan hoto, su ne za su ji kunyar yaga kwali?" Muryarsa ƙasa-ƙasa take, don kada sauran sassan su ji. "Ni da na tsaya a ƙofar masallaci na ce babu. Ƙanwata ta zo nan da kwarya, na mayar da ita haka. Kina so na ɗauki wannan na kai zauren mai gari da hannuna? Gari ya ji, daji ma ya ji? Ranar da labarin buhunan nan ya fita, ba mu ƙara kwana a gidan nan lafiya."

"To a bar gidan, ni na je na faɗa da bakina."

"Ki ce musu me? Ke ce mai cewa kada kowa ya gan shi? Yau a garin nan ba mai sauraron kowa, Sakinatu. Su ɗaure ki kusa da shi, shi ke nan na yi biyu babu."

"Baba, dukansa suke yi."

"Na sani."

"Saboda ni ya yi shiru."

"Na sani!" Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa. Ban taɓa ganin tsufansa ba sai ranar. "Yana da dangi a Makoɗa, za su zo. Gaskiya za ta fito ta wata hanyar. Ba ta gidana ba. Daga yau ba ke ba shi, kuma ƙafarki kada ta taka zaure."

Ya yi alwala ya fita azahar.

'Yan uwa, ban san yadda zan kwatanta muku yinin nan ba. Na shiga ɗaki, na fito, na koma. Na sa hijabi, na cire. Inna ta ɗora min tuwon jiya da ta ɗumama, na kasa kai loma. Ta zauna a bakin ƙofa tana tsince wake, amma na san ni take gadi. Na ce, "Inna, ke ma kin yarda a bar shi?" Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni wace ce da zan yarda ko na ƙi?" Hawayenta na ɗiga a cikin faranti tana ci gaba da tsinta. Na zauna gaban gidan kwalin nan ina kallonsa, na tsane shi, kuma shi kaɗai ne shaidar da nake da ita a duniya.

Wajen la'asar Gwaggo ta dawo. Wannan karon ba ta yi ihu ba, jikinta ya yi sanyi.

"An aika Makoɗa, amma hanya ba ta biyuwa, an ce babur ba ya wuce gadar can. Samarin nan kuma sun ce in magariba ta yi bai faɗi Injiniya ba, su ba za su jira hukuma ba. Mai gari yana ta ba su baki. Na leƙa ta katanga, Hure. Idonsa ɗaya ya rufe. Kaftanin nan nasa ba ka gane launinsa."

Inna ta tashi ɗebo mata ruwa. Ban yi shawara da kowa ba, har da zuciyata. Na kama hannun Gwaggo na ja ta ƙofar ɗaki, na nuna mata gidan daga nesa, rufinsa a rufe.

"Gwaggo, aikin makaranta ne. Ni na sa shi awo. Ni yake kira Injiniya. Baba ya hana ni fita. Don girman Allah ki gaya wa mai gari."

Ta dubi kwalin, ta dube ni. "Karatun yanke-yanken ne ya jawo wannan?" Ba ta jira ruwan ba. Inna ta fito da kofi ta tarar da wuri wayam, ta kalle ni, na sunkuyar da kai. Ba ta tambaya ba.

Na ji ɗan sanyi a raina, kaɗan. Na ce kafin a aiko zan san dabarar da zan yi wa ɗakin, ko yage jerin ne gaba ɗaya na ce kyankyasai ne. Na ɗauki reza ke nan na ji takun Baba. Ya shigo da carbi a hannu, fuskarsa irin ta wanda ya gama shawara tun a masallaci. Inna ta riga ta hura wutar tuwon dare a tsakar gida.

"An ce gida-gida za su fara bi," ya ce. "Ba za a same shi a nan ba."

Ya sunkuya ya ɗauki gidan da hannu biyu.

"Baba, tsaya! Baba, na riga na..."

"Hure, riƙe ta."

Inna ta rungume ni ta baya. Ina fizga ina cewa ya saurare ni, na aika, na riga na aika, amma kuka ya cinye maganar, shi kuma bai waiwayo ba. Ya sauke tukunya, ya karya gidan biyu a gwiwarsa don murhu ba zai ɗauke shi ba. Jerinmu ya fara turawa. Sitaci da busasshen kwali, me za su jira? Rufin kwanon ya nannaɗe, rumbu ya tashi lokaci ɗaya. Ya tura ɗaya rabin, ya bi da itace yana dannawa har sai da ba abin da ya rage mai kama da gida. Da ya gama bai dube ni ba, ya tsaya yana kallon tokar, ya ce a hankali, "Allah Ya ba ki wani makin."

Sai aka yi sallama a zaure. Muryar namiji ce, ba kuma shi kaɗai ba ne, don ana jin takun mutane a bayansa.

"Salamu alaikum. Malam Basiru yana ciki?"

Baba ya amsa daga inda yake.

"Mai gari ne ya aiko mu. An ce 'yarka tana da wani gida na kwali da take yi wa makaranta, wai shi malamin yake yi wa awo. Ya ce a kawo a gani. In an gan shi, yanzu za a kwance shi." Sannan ya ƙara da cewa, "In kuma babu, ya ce ita ta taho."

Itacen da ke hannun Baba ya faɗi. Ya juyo ya dube ni, sai a lokacin ya ji abin da nake ta faɗa.

Inna ba ta sake ni ba. Ƙara matse ni ta yi, tana ja da baya da ni zuwa ɗaki, ina jin bugun zuciyarta a gadon bayana.

A zaure aka sake yin sallama, wannan karon da ƙarfi.